Alhassan Ɗantata: abin da ya ɗauko daga fataucin goro ya zuba a gyaɗa

1/ Ciro takardar ₦200 daga aljihunka ka juya bayanta. Za ka ga buhuna an jera su sun yi tsini sama. Dalar gyaɗa ke nan, kuma da wuya a ambace ta a Kano ba a ambaci Alhassan Ɗantata ba. Yau a kansa zan ja zare. Yana da ɗan tsawo, a gyara zama. 🧵

2/ Yadda aka saba ba mu labarin shi ne: maraya, almajiri, ya tashi cikin wahala, ya rasu a 1955 ana cewa babu mai kuɗinsa a Afirka ta Yamma. Duk haka ne. Amma an yanke tsakiyar labarin, kuma a tsakiyar nan abin amfani yake, ko atamfa kike sayarwa a WhatsApp ko shagon POS kake zama.

3/ An haife shi a Bebeji a 1877. Mahaifinsa Abdullahi falke ne, daga cikin Agalawa. Su Agalawa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari, su ne suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19. A riƙe wannan tun yanzu: yaron a gidan fatauci ya buɗe ido.

4/ Yana wajen shekara takwas mahaifin ya rasu. Aka raba gado tsakanin 'ya'ya da yawa, abin da ya zo hannunsa bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce da kanta, ta tafi Ankara, wato Accra ta Ghana a yau, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Daga nan sunan ya fito: Ɗan Tata. Sunan da yau ke kan kamfanoni da manyan motoci, sunan baiwa ne da ta yi reno.

5/ Aka sa shi makarantar allo a nan Bebeji. Ya yi abin da almajiri ke yi don ya ci ya sa sutura, ya kuma haɗa da 'yar saye da sayarwa. Masu rubuta tarihinsa sukan ambaci asusun da ya riƙa tara 'yan kuɗinsa a ciki tun yana yaro.

6/ To bari mu tsaya a kan fataucin goron nan, don wanda bai gane shi ba ba zai gane Ɗantata ba. Goro ba ya yi a ƙasar Hausa. A dazukan Asante yake, ana fito da shi kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja. Ayari ɗaya kan kai mutum dubu ko fiye, da jakuna kusan yawan mutanen. Madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya da masauki.

7/ Su tashi da kanwa, da tufafin saƙi da rinin Kano, da jan fata, da dabbobi. Su haye Kwara, su ratsa Borgu, suna sayarwa suna saye a kowane zango, suna biyan fito ga kowane sarki da suka taka ƙasarsa. Zuwa da dawowa kan cinye wata shida, wani lokaci shekara guda. Ga 'yan fashi, ga ciwo, ga jaki ya mutu a daji da kayanka a bayansa.

8/ Shi kuma goro kaya ne mai rai. Sai an naɗe shi a ganye a huhu, a riƙa kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa ana tsince wanda sankara ta kama, in ba haka ba ɗaya ya ɓata sauran. Kowace rana da ka ƙara a hanya, jarinka ne ke raguwa. Mutumin da ya tashi a wannan sana'a ya san kuɗin lokaci tun kafin ya ga agogo.

9/ Ga abin da ya fi muhimmanci. Tsakanin Kano da Salaga sarauta nawa ce? Babu kotu ɗaya da za ta bi maka bashi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Babu banki, babu rasit. Duk da haka bashi ne ke tafiyar da harkar. Maigidan da ke saukar da fatake a zango shi ke ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya wa mai saye a ba shi kaya ya biya daga baya.

10/ Me ke hana mutum gudu da kuɗin? Suna. In ka ci amana a Salaga, ayarin da ke bayanka zai kawo labarin Kano kafin ka sauke kaya. Ba wanda zai sake saukar da kai, ba wanda zai ba ɗanka aure a cikin fatake. Attajiri kuma yakan ɗauki yaro, ya ba shi 'yan kaya kaɗan ya gwada shi, in ya dawo da lissafi daidai a ƙara masa, har wata rana a yi masa aure a ba shi jarin kansa. Makarantar kasuwancin zamanin ke nan.

11/ Yana wajen shekara 15 Alhassan ya bi ayarin Gwanja ya je wurin mahaifiyarsa. Wani zai zaci daga nan wahala ta ƙare tunda uwa mai hali ce. Ina! Ta kai shi wajen wani malami, ya ci gaba da neman na kansa kamar yadda ya saba. Sai dai ya dawo da abin da ba a saya a kasuwa: ya taka hanyar da ƙafarsa, ya ga bakin teku, ya ga jiragen ruwa na Turawa suna sauke kaya suna ɗauka.

12/ Sai Basasar Kano. A 1893 Sarki Bello ya rasu, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa suka ƙi. Aka gwabza har Aliyu Babba ya shiga birni a 1894. Agalawa da yawa suna ɓangaren Tukur, ɓangaren da ya faɗi. Aka ƙwace dukiya, aka kama mutane, har da Alhassan da 'yan'uwansa, sai da fansa ya kuɓuta. Yana ɗan shekara 17 ko 18, an sake maida shi farko.

13/ Ya koma goro. Amma a lokacin tsohuwar hanya ta fara mutuwa a tsaye. Tun da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 Asante ta rasa iko da Salaga, yaƙin cikin gida na 1892 kuma ya watsa kasuwar. A 1903 jirgin ƙasa daga Sekondi ya isa Kumasi, wato goro ya samu hanyar gangarawa teku cikin kwana ɗaya ko biyu.

14/ Wajen 1906 Alhassan ya riga ya koma ɗora goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar Gold Coast zuwa Ikko, daga can a yi arewa da shi. Yana cikin Hausawan farko da suka yi haka da gaske. Tafiyar watanni ta koma ta makonni. Goro ya iso da ɗanyensa, asara ta ragu, kuɗin da a da ke juyawa sau ɗaya a shekara yanzu yana juyawa sau da yawa. A hanya kuma yana haɗawa da duwatsun wuya da tufafin Turawa.

15/ Ku yi tunanin dattijon madugu da ya shekara talatin yana bin daji, ya san kowace rijiya, kowane sarki ya san sunansa. Duk wannan ilimi jirgin ruwa ya zubar masa da daraja cikin 'yan shekaru. Ba wauta ce ta sa irinsu suka ƙi sakin hanyar ba, girmansu ne a can. Alhassan ba shi da wannan girman da zai yi asararsa, kuma ina ganin hakan ya taimake shi.

16/ Yanzu mu leƙa ɓangaren Turawa, don nan labarin ya fi daɗi. Sun ci Kano a 1903. Masaƙun Lancashire a Ingila na neman auduga wadda ba ta Amurka ba, har sun kafa ƙungiyar BCGA a 1902 don wannan. Suka duba arewa suka ga ƙasar auduga. Babban dalilin da aka kafa wajen neman a shimfiɗa dogo zuwa Kano ke nan, kuma Winston Churchill, yana ƙaramin minista a ofishin mulkin mallaka, yana cikin waɗanda suka tura maganar. Aka kafa injin gurzar auduga a Zariya, aka raba iri.

17/ Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912. Auduga ta ƙi zuwa. Dalili? Kano na da masaƙa da marina tun kafin kakannin waɗannan Turawa su ji sunanta. Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsadar da ta fi wadda Bature ya yanka. Manomi ba mahaukaci ba ne.

18/ Abin da ya cika tashar jirgin sai ya zama gyaɗa. A Turai an gano yadda ake daskarar da man tsirrai a yi man shafa wa burodi da sabulu, farashin gyaɗa ya tashi. Wadda Najeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000. Jirgi ya kasa kwashewa, buhuna suka taru a fili.

19/ Lissafin manomin Kano mai sauƙi ne. Gyaɗa na son jigawa, ana shuka ta tsakanin gero, harawarta abincin dabbobi ce, ga kuɗin haraji da yanzu sai da tsabar Bature ake biya. Sannan in shekara ta ɓaci ana cin gyaɗa, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta nuna wa kowa cewa wannan ba ƙaramar magana ba ce.

20/ To amma wa ya kai wa manomin ƙauye labarin farashi? Wa ya tara tiya-tiya daga gidaje dubbai har ta zama tan? Bature na zaune a kanti kusa da tasha, ba ya jin Hausa, bai san hanyar Gaya ko Ɗambatta ba. Dole ya nemi masu mutane. Ta hannun Sarki Abbas da Adamu Jakada kamfanonin suka samu manyan fataken goro irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo.

21/ Abin da suka yi shi ne abin da suka gada. Kamfani ya ba attajiri kuɗi. Attajiri ya raba wa yaransa. Yaran su bazu ƙauyuka tun kafin kaka, da tsaba da gishiri da 'yan tufafi, su ba manomi a kan in ya girbe zai kawo musu. Mata su ɓare a turmi, jakuna da raƙuma su yi Kano. Tun daga kanti har bakin gona, bashi ne a kan bashi, kuma ba takarda ko ɗaya da manomin ya sa wa hannu. Tsarin ayari ne aka juya fuskarsa daga Gwanja zuwa ƙauyukan gida.

22/ Lura da wani abu: Ɗantata ba ya cikin na farko. Sai a 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa, shekara shida bayan wasu sun fara. Amma zuwa 1922 ya wuce Sharubutu da Agogo, ya zama attajirin Kano na ɗaya. Shekara huɗu. Masu cewa "kasuwar ta riga ta cika, an riga mu" su ɗan tsaya a nan.

23/ Me ya zo da shi da sauran ba su da shi? Na farko, da ruwan ciki ake jan na rijiya: yana da jarinsa na goro, ba sai ya jira kuɗin kamfani kafin ya tura yaransa ba, don haka sukan riga kowa isa gun manomi. Zaman bakin teku ya ba shi ɗan Turanci da sanin halin Turawan kanti, ba tafinta da zai ci a tsakani. Ga kuma tarin yara da ya riga ya gwada su a kan goro shekara da shekaru, ya san wanda za a ba fam ɗari a yi barci.

24/ Sai rubutu. Wannan ne ya fi burge ni. Yana ajiye lissafi a rubuce, ya ɗauki akawuna har da Yarbawa da Inyamurai masu boko, ga malamai na gida masu rubutun ajami. Amana ce ke sa ka ba yaro kuɗi ya tafi ƙauye, littafi ne ke sa amanar ta daɗe, don ranar da aka zauna lissafi babu "ai na zaci". Yawancin kasuwancin abokai da na ga ya watse, ba ɓarawo a cikinsu. Ba wanda ya rubuta ne kawai.

25/ Kuma bai saki goro don ya kama gyaɗa ba. Ya ci gaba da shi, ya haɗa da shanu da tufafi da hatsi. Gyaɗa ta kaka ce, yaran da suka saye ta da rani suna da abin yi sauran shekara.

26/ A 1929 ya kai ajiya reshen Kano na Bank of British West Africa, wanda ya zama First Bank a yau. Raƙumi 20 aka ɗora wa tsabar azurfa. Ya kuma ce ba ya son kuɗin ruwa a kai. Mutane na ba da labarin nan don mamakin yawan kuɗin, ni kuma shekarar nake kallo. A 1929 ɗin kasuwar duniya ta rushe, farashin gyaɗa ya faɗi warwas a shekarun da suka biyo. Mai saye da kuɗin aro kaɗai, irin wannan shekara ita ke binne shi. Mai raƙumi ashirin na tsaba yana iya jira.

27/ A shekarar dai Kamfanin Neja ya narke cikin sabon kamfanin UAC, Ɗantata ya zama babban mai kawo masa gyaɗa a arewa. Ba shi kaɗai ne a fili ba. Akwai Kwarori, waɗanda unguwar kantunansu ce ta zama Kantin Kwari, akwai Saul Raccah mutumin Tarabulus da ya ba manyan kamfanonin kansu wahala a shekarun 1930.

28/ Kada mu yi wa labarin kwalliyar da ba tasa ba. Duk girman Ɗantata, a Landan da Liverpool ake yanka farashi. Jirgin ruwa nasu, banki nasu, izinin fitar da kaya nasu. Ya nemi a ba shi damar saye da fitarwa kai tsaye kamar UAC a 1940, aka hana. Sai a shekarun 1950, dab da rasuwarsa, ya samu lasin sayar wa hukumar gyaɗa ba tare da wani kamfani a tsakani ba. Mutumin da ya fi kowa kuɗi a ƙasar ya shekara talatin da wani abu yana dillancin wasu.

29/ Can ƙasan tsanin kuma akwai manomi, wanda ya karɓi kuɗi da damina lokacin da rumbu ya ƙare, ya biya da gyaɗa da kaka lokacin da ta fi araha. Da matarsa da ta ɓare. Su ne suka fi kowa aiki suka fi kowa samun kaɗan. Hukumar sayen gyaɗa da aka kafa a 1949 ta riƙa biyan su ƙasa da farashin duniya tana tara rarar, kuma da wannan rara gwamnatin Jihar Arewa ta yi ayyuka da dama da muke alfahari da su.

30/ Ita kanta dalar da muke kewa, buhu kusan 15,000 a kowace ɗaya, layin jiran jirgi ce. An tara ne don dogo ba ya iya kwashe amfanin shekara a kan lokaci, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu da kawunan jirgi da taragu suka yi ƙaranci. Jera buhu a haka dabara ce ta ajiya a fili, a rufe da tamfol. Kyakkyawa ce a hoto, amma kowace dala kuɗi ne a tsaye, ƙwari na ci.

31/ Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955 a Kano, aka binne shi a gidansa na Sarari. Abin da aka fi ruwaitowa daga wasiyyarsa shi ne 'ya'yansa su zauna tare, kada a yayyaga kasuwancin. Wanda ya ga yadda rabon gado ya maida dukiyar ubansa gutsattsari yana ɗan shekara takwas, ba abin mamaki ba ne wannan ya zama damuwarsa ta ƙarshe.

32/ Bayan shekara ashirin gyaɗar ta bi sawun hanyar Gwanja. Fari na farkon shekarun 1970, sai cutar kuturtar gyaɗa a 1975 da ta cinye gonaki kusan hekta 700,000, ga kuɗin fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati da na matasan ƙauye. Dala ta ɓace. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona gaba ɗaya.

33/ Gidan Ɗantata bai faɗi tare da ita ba, don kafin nan sun riga sun tsallaka. Sanusi ya ƙarfafa a sufuri da fatauci. Aminu, wanda ya rasu a watan Yunin 2025 aka binne shi a Madina, ya shiga gine-gine da kwangila, daga baya man fetur. Irin tsallaken da uban ya yi daga jaki zuwa jirgin ruwa.

34/ Aliko Ɗangote, ɗan Mariya 'yar Sanusi, an haife shi a 1957, bai ga kakan mahaifiyarsa ba. A ƙarshen shekarun 1970 ya fara saye da sayarwa da rancen da ya samu daga dangin uwa, wato yadda ake gwada yaro a gidan fatake tun zamanin ayari. Duk mai kawo maka misalinsa a TikTok yana cewa "shi ma daga sifiri ya fara", tambaye shi ko ya san sunan Bebeji.

35/ Gyaɗa kuwa ba a daina nomanta ba. Najeriya har gobe tana cikin manyan masu nomanta a duniya, sai dai yanzu a cikin gida take ƙarewa: injinan matsar mai, ƙuli-ƙuli, yajin tsire, kunun gyaɗa. Ka shiga Dawanau da kaka za ka tarar da ita buhu-buhu, kuma har yau wani yaro ne aka ba kuɗi ya shiga ƙauye ya tattaro ta, sai dai shi ta waya ake tura masa.